Fuskar Inna a Bangon Coci

Hindawiyya, Jidda
14 ga Oktoba, 1987

Zuwa ga taubashina Lado, ɗan marigayi Kawu Nomau,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da duk mutanen Kukar Sambo. Ni ce Mastura, 'yar gwaggonka Tani. Ba ka san ni ba, don lokacin da muka kama hanyar Makka ni da Inna, ko uwarka ba a kawo gidan ba. Shekarata goma sha biyu a lokacin, yanzu ga ni da furfura. Maƙwabciyata Jamilatu ce ke rubuta min wannan, ita ta yi boko a Zariya. In ka ga baƙar magana tawa ce, in ka ga kuskuren rubutu nata ne.

Lafiya sai godiya. Ina wanki da guga a gidan kafilina, mai ɗaukar nauyin zamana a nan, a unguwar Ruwais, shekara goma sha tara ke nan, gwiwoyina sun fara nuna sun gaji. Na san labari ya iso muku cewa Inna ta rasu bara da azumi. Ba ta yi doguwar jinya ba.

Alhaji Hussaini mai goro, wanda ke kai da kawowa tsakaninmu da gida, ya ce min kai ne mai zana zakuna a bayan manyan motocin Malumfashi, wai in ka zana mutum har 'ya'yansa sai sun gai da allon. Na san Alhaji da ƙarin gishiri, amma ko rabin abin da ya faɗa ne gaskiya ya ishe ni. Ga hoton Inna nan na naɗe a ƙyalle. Ragowar na iƙama ne, katin zamanmu a nan, ɗan mitsitsi. Shi ke nan gare ni a duniya, don ita iƙamar an karɓe ta ranar da muka je neman takardar binnewa. Na kai wa mai hoto ya faɗaɗa min, ya ce ya dushe da yawa, hayaƙi kawai zai fito.

So nake ka zana min ita a takarda mai kauri, faɗin tire. Ba rataye ta zan yi ba, a akwati zan ajiye, in ɗauko in na ji kewa. Ka lura da billenta a kumatun hagu, da tabon girarta ta dama inda saniya ta tunkuye ta tana yarinya.

An ce min ku gidan Kawu duk kun shiga coci. Wannan tsakaninku da Allah ne, ban aiko don wa'azi ba. Ka dai riƙe min hoton nan da kyau, ka dawo min da shi tare da zanen.

Taubashiyarka,
Mastura

Kukar Sambo
20 ga Disamba, 1987

Yaya Mastura,

Takardarki ta iso, na karɓa hannu biyu. Muna lafiya, an gama girbi, dawa ta yi dama-dama. Allah ya jiƙan Gwaggo. Ashe ina da taubashiya a Jidda, shekara da shekaru ban ga ko ƙwallon dabino ba. Wannan maganar za mu yi ta daga baya.

Zanenki zan yi, amma ki yi min haƙuri zuwa bayan bikin Ista. Mun gina sabuwar coci ta bulo, Fada, limamin cocinmu, ya ba ni bangon gaba in zana Maryamu uwar Yesu. Na ɗauko masa kalandar da muka saba gani, Baturiya mai shuɗin ido, ya ce a'a. Ya buɗe wani littafi ya nuna min Maryamu iri-iri na ƙasashen Turawa, baƙaƙe wuluk, wasu sassaƙar itace wasu zane a allo. Ya ce wasunsu hayaƙin kyandir ne ya rine su cikin ɗaruruwan shekaru, wasu kuwa tun asali haka aka yi su, kuma Turawa kan yi tafiyar kwanaki a ƙasa don su je gaishe su. Akwai wata ta ƙasar Polan mai zane biyu a kumatu. Na ce, "Fada, wannan tsagar ta wane gida ce?" Ya yi dariya har da tari, ya ce ba tsaga ba ce, saran takobi ne. Ni dai har yanzu tsaga nake gani.

Ya ce in zana ta kamar matan nan namu. A baki abin da sauƙi. Fuska huɗu na yi ina shafewa. Ɗaya ta fito kamar mai tallar man shafawa, ɗaya kamar matata in na dawo kasuwa na manta gishiri. Na rame a kan bangon nan, Yaya.

Hoton Gwaggo yana aljihun gaban rigata, kada ki damu. In na sauko daga tsani shan ruwa nakan fito da shi in duba. Ban taɓa ganin mai kallo irin nata ba, kamar wadda ta gaji ƙwarai da kaya amma ba za ta ce a karɓe ta ba. Ki gai da Malama Jamilatu, rubutunta ya fi nawa.

Ƙaninki,
Lado

Hindawiyya, Jidda
9 ga Mayu, 1988

Lado,

Ina fata kuna lafiya. Muna cikin azumi, zafi ya yi yawa, ƙafata ta dama ta kumbura, ina dai lallaɓawa.

Alhaji Hussaini ya zo umara. Na tare shi ina murna, na miƙa hannu, ba zane ba hoto. Ya zauna a tsakar gidanmu, mata shida suna gyaran kayan buɗa-baki, bai ko rage murya ba ya ce, "Mastura, wallahi na ga Hajiya Tani da idona." Ya ce ya je nemanka aka nuna masa coci, ya tsaya daga bakin ƙofa ya leƙa. Ya ce, "Ga ta nan zaune a bango, ta fi ni tsawo, da shuɗin mayafi, da jariri a cinya. Ga bille, ga tabon gira. Mata uku sun durƙusa a gabanta da kyandir." Wata daga cikin matan gidanmu ta saki ludayi ta hau salati. Kafin a sha ruwa labarin ya kai har unguwar Sa'alaba.

Ka san wace ce ka manna a bangon nan? Matar da ta yi wata goma sha huɗu a hanya, ta tsinci auduga a Sudan har yatsunta suka tsage, don ta ga Ka'aba. Hajjinta ashirin da uku. Hoton nan ma don dole ta tsaya aka ɗauka, ta dawo gida tana istigfari. Ita ce yau ake kunna wa kyandir. Nana Maryamu mu ma muna girmama ta, sura guda gare ta a Alƙur'ani, amma ba mu san fuskarta ba kuma ba mu nema ba. Kai da ka rasa fuska, duk matan Kukar Sambo ba su ishe ka ba sai tawa uwar da ke kabari?

Amana na ba ka. Ban iya faɗa ba, na gaji, ko kukan ma a zaune nake yi ina guga. Ka goge fuskar nan, ka ba Alhaji hotona ya taho min da shi.

Mastura

Kukar Sambo
18 ga Yuni, 1988

Yaya Mastura,

Ina gaisuwa, ya ƙafa? Allah ya sauwaƙe. Ruwa ya sauka, mun yi shuka. Maniyyatan garinmu za su kawo miki wannan.

Na yi laifi da ban tambaye ki ba, na yarda. Amma ban zauna na shirya ba. Fuska ta biyar nake yi, hoton yana hannuna na hagu, ban ankara ba sai ga idanunta a bango. Da na ga haka na kasa tsayawa. Billen kuwa, na tuna waccan ta Polan na ce tunda an taɓa yin mai zane a kumatu, ba ni na fara ba. Wata uku na yi ina kallon fuskar nan kullum daga safe zuwa la'asar.

Ki gane, Yaya, ba Gwaggo ake durƙusa wa ba, kuma ko Maryamun ba bauta mata muke yi ba. Roƙonta muke ta sa mana baki wurin ɗanta, yadda yaro kan bi ta wurin uwa in yana jin nauyin uba. Fuskar aro ce kawai.

Ranar da aka cire ƙyallen da ya rufe bangon, akwai wata tsohuwa Baba Uwani, wadda suka yi tallar fura tare da Gwaggo. Ta tako da sandarta har gaba, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Tani, ashe kin dawo." Ta zauna a ƙasa ta yi ta ba ta labarin waɗanda suka mutu. Tun daga ranar, matan da ke tsayawa a baya sun matso gaba. Wata ta ce min da can kunyar Baturiyar take ji, ba ta iya gaya mata maganar ciwon mara, wannan kuwa ta san zafin daka.

Ki bari in kira mai hoto daga Malumfashi ya ɗauki bangon in aiko miki. In kin gani da idonki, wataƙila ranki ya yi sanyi. Maganar ɗan hotonki kuma, zan yi miki bayani a takarda ta gaba.

Ƙaninki,
Lado

Hindawiyya, Jidda
2 ga Agusta, 1988

Lado,

Muna lafiya, alhazai na ta komawa, ga wannan ta hannunsu.

Kada ka kira mai hoto. Ba na son ganin uwata a haka, kuma ba zan sa a kama Alhaji a filin jirgi da hoton coci a jaka ba. Zanen da na roƙe ka ma na janye. Kada hannunka ya ƙara fitar da fuskarta, ko a bango ko a takarda ko a ƙasa da tsinke. Nan ko masallaci na shiga sai na ji ana nuna ni da baki.

Baba Uwani ka ce ina gaishe ta, amma ba ita za ta tsaya gaban Allah da maganar nan ba. Ka goge, ka aiko min hotona. In ba ka goge ba ban yafe maka ba, duniya da lahira. Halas, magana ta ƙare.

Mastura

Kukar Sambo
25 ga Satumba, 1988

Yaya Mastura,

Ina gaisuwa. Jikina ba daɗi tun da na karanta takardarki, abinci ma turawa nake.

Abin da na ɓoye miki ga shi. Hoton babu. Tun watan biyu ya lalace. Da na ga yana ƙara dushewa da zufar aljihu, sai na yi masa abin da nake yi wa allunan shago, na shafa masa man ƙyalli don ya fito kuma ya daɗe. Ya fito kuwa, ranar na ga har ƙwayar idonta. Na jingina shi a jikin katakon tsani ya bushe, iska ta kifa shi, zafin rana ya manne shi da katakon. Da na ɓamɓaro, takardar ta taho, fuskar ta zauna a katako ta murmushe. Abin da ya rage fari ne da gefen mayafi. Na yi shekara goma ina wannan sana'a ban san man allo ba ya shiri da hoto ba. Sauran aikin bangon da ka na ƙarasa shi.

Tsoro ya hana ni gaya miki, na yi ta cewa gobe. Yanzu ki san inda aka tsaya: fuskar Gwaggo ba ta ko'ina sai a bangon nan. Ban kira mai hoto ba, ban zana a takarda ba, tunda kin hana, kuma na ci amanarki sau ɗaya ba zan ƙara ba.

Na gaya wa Fada. Ya ce 'ya ta fi mu iko da fuskar uwarta. Zan jira amsarki har Kirsimeti. In ban ji komai ba, na san maganarki tana nan yadda kika faɗe ta, zan goge. Alhaji Hussaini na hannunta wa wannan, ya ce da sabon wata zai taso.

Ki yafe min in kin iya.
Lado

Kukar Sambo
8 ga Janairu, 1989

Yaya Mastura,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Mu muna nan.

Kirsimeti ta wuce, na ƙara kwana goma a kai, kullum ina zuwa tasha ko wani ya zo da takarda. Shirunki na ɗauka amsa ce. Ranar Alhamis na hau tsani na kankare fuskar har sai da na ga siminti, don kada wata rana fenti ya ɓare ta leƙo. Na bar mayafin da hannuwan da jaririn. Na sa wata fuskar, baƙa ce ita ma, ba bille ba tabo, ba ta kowa ba ce. Fada ya ce ta yi kyau. Mutumin kirki ne.

Baba Uwani ta zo tun ina kafa tsani, ta zauna a benci na gaba har na gama. Ba ta hana ni ba. Da na sauko ta ce, "Sau biyu ke nan tana tafiya ba sallama." Ta ɗauki sandarta ta fita.

Na cika miki umarninki. Ki janye maganar lahirar nan, don ita ke hana ni sukuni. Zan bar wannan a shagon Alhaji a Kano, duk mai tafiya ya taho miki da ita.

Ƙaninki,
Lado

Hindawiyya, Jidda
19 ga Fabrairu, 1989

Lado,

Gaisuwa a gurguje. Yau da hantsi takardarka ta watan Satumba ta shigo hannuna. Alhaji ya yi hatsarin mota a hanyar Kano, ya karye a cinya, ya yi wata huɗu kwance wurin mai ɗori, takardar tana cikin jakarsa ba wanda ya sani. Jiya ya sauka da sanda.

Kada ka taɓa bangon nan. Ka ji ko? Kada ka taɓa. Na san ka ce Kirsimeti, amma na san ka da jan ƙafa, zanen tire ɗaya ka yi shekara ba ka yi ba, Allah ya sa wannan karon ma halinka ya cece mu. Ban ce na yarda da kyandir ba. Ban san me na yarda da shi ba. Ka dai bari tukuna, ka kira mai hoton, ya ɗauki fuskar kaɗai.

Maganar man da ka shafa, ba ni da ƙarfin yi maka faɗa yau. Na bar guga a gidan aiki na ce ciwon kai nake. Jamilatu za ta kai wannan gidan waya yanzu, ba zan ƙara jiran matafiyi ba.

Mastura

Hindawiyya, Jidda
20 ga Afrilu, 1989

Ƙanena Lado,

Ina gaishe ka, ina gai da matarka da yara. Azumi ya sake zagayowa, yau goma sha huɗu. Ƙafa tana nan yadda take, na saba.

Takardarka ta Janairu ta iso da masu umara. Jamilatu ta karanta rabi ta tsaya, na ce ta ƙarasa. Ashe ranar da nake cewa kada ka taɓa, an fi wata da kankarewa. Sau ɗaya a rayuwarka ka yi abu a kan lokaci, shi ma a kaina ya faɗo.

Na janye maganar lahira. Na yafe maka man, na yafe maka bangon. Abin da na ce ka yi shi ka yi, ba ni da wanda zan kama. Matan gidanmu da suka yi ta salati, na gaya musu an goge, suka ce madalla, suka ci gaba da yankan albasa. Ko wadda ta tambaye ni yadda na ji babu. Ka je ka gai da Baba Uwani, ka ce 'yar Tani ta ce ta yi haƙuri.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai kai da mai rubutun nan: na fara rasa ta. Muryarta tana nan, da tafiyarta, da yadda take ɗaure bakin zane. Amma in na nemi fuskar sai ta ƙi tsayawa, in na kamo ido baki ya gudu. Shekara arba'in muna ɗaki ɗaya, ban taɓa zama na kalle ta ba, kullum ɗayanmu na sauri zuwa aiki. Kai da ba ka taɓa jin muryarta ba ka yi wata uku kana kallonta. Yanzu duk duniya kai kaɗai ka san ta filla-filla, kuma kai ma kan mutum gare ka, zai zubar.

Don haka na janye hanin. Ranar da wannan ta same ka, kada ka ce gobe, kada ka hau tsanin kowa. Ka nemi takarda ka zauna. Kada ka yi mata kwalliya, yadda ta zo maka haka nake so, ko da shuɗin mayafin ne. In kuma hannunka ya saba har ba ya iya fitar da ita sai da jariri a cinya, to ka sa, amma ka mai da shi mace. 'Ya ɗaya ta haifa.

Yayarka,
Mastura